Ilyasu Ariyus, Mai Zogalen Bakin Tabki

A Madarumfa in ka ce kana neman Ilyasu, za a tambaye ka wanne, don masu sunan ba su da wuya a garin. In ka ce Ilyasu Ariyus kuwa, ko mai tallan soyayyen kifi za ta nuna maka hanyar lambunan bakin tabki, ta ƙara maka da shawara kyauta: ka sayi zogalenka ka yi gaba, kada ka yarda ka zauna. Wanda ya zauna ya jawo wa kansa wata rigima da aka yi a ƙasar Rum tun kafin zuwan Musulunci, kuma ba zai samu tashi ba sai an kira magariba.

Kada wani ya yi zaton wani abu, mutumin Musulmi ne na sahun farko. Karatunsa dai bai yi nisa ba. Ya yi allo gwargwado, lakwal kuwa, wato makarantar boko, ya leƙa ya ga da Faransanci ake duka, ya koma lambu abinsa.

Lambun na kakansa ne. Da tsohon ya rasu aka raba shi tsakanin uwar Ilyasu da wanta, aka ja shingen ƙaya tsakanin rabon kowa, rijiya ce kawai ta ƙi rabuwa. Wannan wan nata ya taɓa doguwar jinya a wani asibitin mishan, ya dawo gida da lafiya da kuma sabon addini, don haka ɗansa Ɗanladi ya tashi Kirista. Ilyasu ɗan mace, Ɗanladi ɗan namiji, taubasai ke nan, kuma kowa ya san dokar taubasai: zagi halal ne, fushi abin kunya. Kowannensu bawansa yake kiran ɗan'uwan. Da wani ne daban ya ɗauki zaman jayayyar addini da Kirista a matsayin sana'a ta biyu, da tuni an yi magana a gari. Su kuwa sai a ce wasan taubasai ne, a wuce.

Abin ya faro ne tun suna samari. Wata rana suna jan ruwa Ilyasu ya ce, "Kai bawa, wai ɗaya kuke bauta ma ko uku?" Ɗanladi ya nuna masa tabki, ya nuna rijiya, ya nuna ruwan da ke gangarawa cikin fangalin zogale, ya ce, "Ruwa nawa ka gani?" Kafin Ilyasu ya haɗa amsa, mata masu tsinkar ganye sun ƙyalƙyale da dariya. Wannan dariyar ce ta mai da manomin zogale masanin tarihin Kirista, don Ilyasu yana iya yafe mari amma ba ya yafe dariyar mata.

Wani direban babbar motar kaya mai bin hanyar Ɗan Issa ya kawo masa kaset na muƙabala tsakanin wani malami da wani fasto. A fuskar farko ta kaset ɗin malamin ne ke magana, kuma a nan Ilyasu ya fara jin sunan Ariyus, wani limamin Kirista na Iskandariya ta Masar, wanda ya ce Almasihu halitta ne, mafi girman halitta amma dai halitta, akwai lokacin da babu shi. Wani mai suna Atanasiyus ya ce bai yarda ba. Gardama ta cika majami'u ta fito kasuwa, har sarkin Rum ya tara manyan limamansu a wani gari da ake ce wa Nikiya. Taron ya yanke cewa Uba da Ɗa zatinsu ɗaya, Ɗan haifaffe ne ba halittacce ba, aka kori Ariyus. Ilyasu ya ji zafin korar nan kamar kawunsa aka kora. Ya san sarai Ariyus ɗin ma bai faɗi abin da Musulmi ke faɗa ba, amma ya ce mutum ya yi rabin hanya da ƙafarsa, bai kamata a raina masa ba.

A fuska ta biyu faston ne ke ba da amsa. Ilyasu ya haddace ta ita ma tsaf, don ya san ta inda za a ɓullo masa, sai dai bai taɓa kunna wa Ɗanladi ita ba. Da kaset ya tsufa ya sa aka juye masa a wayar salula, ya ƙara da wasu, har ya zama ya fi Kiristocin garin sanin waɗanda aka kora daga addininsu da dalilin korar kowa.

Daga nan rayuwarsa ta samu tsari. Da safe ban ruwa, da hantsi ciniki, bayan la'asar kuma Nikiya, a gindin mangwaron da ke bakin rijiya. Ɗanladi mutum ne mai sanyi, makaminsa ɗaya ne tak, wato tabki da rijiya da fangali, kuma bai taɓa jin kunyar sake fito da shi ba. Ilyasu sai ya dafe kai.

"Wagga magana ta Sabiliyus ce, bawa! Limamanku sun yi tir da ita tun kahin Nikiya. Kai ko ɓatan naka ba ka iya yin shi daidai ba?"

"To hwaɗa mini yadda za ni ce," in ji Ɗanladi.

"In hwaɗa maka? Ni mahaukaci ne?"

Ɗelu, matar Ɗanladi, ita ke aiko musu da kunun tsamiya kullum, ta ce a jiƙa maƙoshi a ci gaba. Tana da wata akuya da ta raina shingen ƙaya, a kore ta daga zogalen Ilyasu ta nan, ta dawo ta can. Ilyasu ya raɗa mata suna Atanasiyus, don shi ma haka aka yi ta korarsa daga Iskandariya yana dawowa. Indo, matar Ilyasu, ta sha cewa da ya ba zogale rabin hankalin da ya ba mutanen Rum, da tuni sun sauya rufin ɗaki.

Shekarar da aka yi hatsaniya a birane har aka taɓa majami'u, wasu masu zafin kai suka fara kallon gidan Ɗanladi. Ilyasu ya ɗauki tabarmarsa da carbinsa ya shimfiɗa a ƙofar gidan, ya ce bawansa ne a ciki, kuma bai gama kayar da shi ba, duk mai so ya taɓa shi ya jira a gama. Aka yi dariya aka watse. Bai taɓa yarda cewa ƙauna ce ta kai shi ba, ya ce shi tsaron gardamarsa ya je.

Haka suka yi furfura tare. Sai Ɗelu ta kwanta ciwo da damina, aka kai ta Maradi aka dawo da ita, kafin a yanke gero ta rasu. Kunu ya daina zuwa bakin rijiya. Ɗanladi ya ci gaba da zuwa, amma tabkin nasa da rijiyarsa suka fara fitowa a gajiye.

Ana cikin haka wani mai sayar da irin shuka da maganin ƙwari ya fara ƙetarowa daga Najeriya a kan babur. Kirista ne shi ma, amma na wata ƙungiya dabam, ga ladabi ga taushin murya. Yakan tsaya wajen Ɗanladi da hantsi suna hirar addini, lokacin da Ilyasu ke kasuwa. Bai fi 'yan kwanaki yana zuwa ba ya gama cinikinsa ya koma.

Wata rana bayan la'asar Ilyasu ya gyara zama, ya ɗauko daga inda suka tsaya jiya, ya ce, "In dai haihuwarshi anka yi, to kahin a haihe shi yana ina?" Ya jira a fito masa da tabki kamar kullum. Ɗanladi ya dubi ƙasa ya ce, "Ka yi gaskiya, Ilyasu. Halitta ne. Ariyus naka ya yi gaskiya."

Ilyasu ya yi fiye da rabin rayuwarsa yana jiran wannan magana. Ya tanadi abin da zai faɗa ranar, har ya sha gwada shi a gaban jaki. Da ranar ta zo bai tuna ko kalma ɗaya ba. Ya gane cewa bai san wata hira da ake yi da Ɗanladi ba in ba wannan ba. Ya tambayi lafiyar albasa, aka ce lafiya lau. Tun rana ba ta yi ja ba ya naɗe tabarma ya tafi gida, Indo ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne.

Labari ya zaga gari. Al'amin ladan ya rungume shi a ƙofar masallaci ya ce saura ƙiris, ya jawo mutumin a ba shi kalmar shahada. Ilyasu ya je da wannan niyya, tsakani da Allah, don ba abin da zai fi so a duniya. Ɗanladi ya ce a'a, shi ba masallaci ya nufa ba, ba kuma majami'a zai koma ba, shi dai ya gaji ne. Ya daina fita ran Lahadi. Ya daina aske gemu. Ciyawa ta fara cin fangalinsa, kuma duk abin da aka ce masa amsarsa ɗaya, "Haka ne." Saratu, 'yarsa da ke aure a Maradi, ta zo ta ga halin da yake ciki, ta ce wa Ilyasu, "Baba, in bai warware ba kahin ƙarshen wata, zan zo in ɗauke shi, a saida lambun."

A bakinta ne kuma ya ji cewa mai irin shukan nan ne ya juya wa Ɗanladi ra'ayi. Nan fa ransa ya ɓaci iyakar ɓaci. Shi ya share, shi ya yi huɗa, shi ya yi ban ruwa tun yana da baƙin gashi, wani ya zo a kan babur cikin 'yan kwanaki ya girbe, ko sallama bai yi wa mai gona ba. Kuma girbin me? Ga mutum nan ba Musulmi ba, ba Kirista ba, ba abokin hira ba, an bar masa shi a gindin mangwaro yana cewa haka ne. Ƙarƙashin fushin akwai tsoro, ko da yake Ilyasu ba zai kira shi da sunansa ba: in aka tafi da Ɗanladi, wani baƙo zai zo ya ja ruwa a rijiyar kakansu, ya ce masa ina wuni, ya ce lafiya lau, shi ke nan har mutuwa.

Washegari bayan la'asar ya zauna, ya yi a'uzubillahi, ya buɗe fuska ta biyu da ya ɓoye tun yana saurayi.

"Saurara, bawa. Ni ban ce ba, Allah shi tsare ni, amma ku cewa kuke in Uba ne tun hil azal, to ba a yi lokacin da ba shi da Ɗa ba. Astagfirullah. Ka ji ko?"

"Haka ne."

"Kuma ku cewa kuke halitta ba ta ceton halitta, don haka in shi ke ceto, to ba halitta ba ne. Astagfirullahal azim. Da wanga Atanasiyus ya riƙe wuyan Ariyus. Mai maganin ƙwarin naka ya hwaɗa maka wanga?"

"Bai hwaɗa ba."

"To ka gani! Ko Ariyus ɗin bai iya ba, ya zo yana ɓata ma mutane aiki."

"Haka ne."

Ya koma washegari, ya sake komawa. Kullum murya na ƙara tashi, don Ilyasu bai iya hujja a hankali ba, istigfari na bin kowace jimla kamar ɗan rakiya. Masu tsinkar zogale, waɗanda iyayensu mata ne suka yi masa dariyar farko, suka kwashi abin da suka ji suka kai gari, sai dai istigfarin ya zube musu a hanya. Kafin Juma'a an ce Ilyasu ya musuluntar da Ɗanladi shi kuma ya shiga Kirista, wasu suka ce musanya suka yi. Aka fara barin gurbi tsakaninsa da na kusa da shi a sahu. Indo ta yi kuka ta ce ita dama ta san mutanen Rum ba za su bar gidanta lafiya ba.

Liman ya aika aka kira shi zaure, ga Al'amin ladan a gefe ya haɗe rai. Liman tsoho ne da ya ga rigingimun gado da na iyakar gona iri-iri, amma bai taɓa ganin irin wannan ba.

"Ilyasu, abin da anka ce kana hwaɗi a lambu, ka yi imani da shi?"

"Allah gahwarta Malam, Allah shi kiyaye. Allah ɗaya ne, bai haihwa ba, ba a haihe shi ba. A kanta nike, a kanta za ni mutu."

"To mi ya kai bakinka?"

"Malam, mutum ne ya hwaɗa rami tsakanin gida biyu. Na ja shi zuwa namu, ya ƙiya. In na maida shi nasu, na san inda za ni same shi gobe in ci gaba. A cikin ramin kuwa ko ji ba ya yi."

Al'amin ya ce wannan wace irin da'awa ce, a mai da mutum baya don a ji daɗin sake jawo shi. Liman ya shafa gemu. Daga bisani ya ce shi bai taɓa cin karo da wannan mas'ala a littafi ba, kuma ba ya fatan ya sake. Ya ce Ilyasu ya kame bakinsa daga faɗin abin da bai yarda da shi ba, zumunci kuwa ba wanda ya hana shi. Da suka fito, Al'amin bai ba shi hannu ba.

Aka hana shi baki, sai ya koma ga jaki. Ran Lahadi da safe ya ɗaura amalanke ya tsaya ƙofar Ɗanladi, ya ce masa ya hau. Ɗanladi ya ce ina za su. Ilyasu ya ce bawa ba ya tambayar ubangidansa hanya. A kan hanya ne, ba tare da an tambaye shi ba, Ɗanladi ya yi maganar da ta fi kowace tsawo tun rasuwar Ɗelu. Ya ce ya roƙi Yesu a bakin gadonta har muryarsa ta dushe, ta tafi duk da haka. Da baƙon nan ya ce masa halitta ne, sai ya ji sauƙi, don ba a riƙe halitta a zuci kan abin da ya fi ƙarfinta.

Ilyasu ya duba fuskar farko ya duba ta biyu, bai sami amsar wannan a ko ɗaya ba. Ya ce, "Ni ma na roƙa mata, bawa. Kowace salla." Ya ɗan taɓa jakin da sanda suka ci gaba.

Majami'ar ɗaki ɗaya ce ta kwano a gefen gari. Ya sauke shi a ƙofa, ya ja amalanken zuwa inuwar wata bishiyar bedi, ya juya wa ginin baya, ya fito da carbi, ga masu wucewa na kallonsa suna ƙara wa labarinsa gishiri. Da aka tashi Ɗanladi ya fito ya hau, suka koma gida yana nan yadda ya je. Ilyasu ya kwance jaki yana ganin ya zubar da mutuncinsa a masallaci a banza.

Ran Litinin bayan la'asar ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro shi kaɗai. Akuyar Ɗelu ta ratso shinge ta shiga zogalensa, ya bar ta ta ci. Can sai ga Ɗanladi da fartanya a kafaɗa, an aske gemu, ya zauna a wurinsa ya yi gyaran murya.

"Kai bawa, ran nan ka tambaye ni kahin a haihe shi yana ina. To in Uba ne tun hil azal, yaushe anka yi lokacin da ba shi da Ɗa?"

Ilyasu ya zaro ido. "Wa ya koya maka wanga?"

"Wani malami ne na sahun hwarko. Rabin gari sun ji shi. Kuma ya ce halitta ba ta ceton halitta. Amsa mini ɗaya bayan ɗaya, ba sauri nike ba."

A nan Ilyasu ya gane abin da ya yi wa kansa. Mutumin da ya shekara da shekaru ba shi da makami sai tabki, shi da bakinsa ya ɗora masa duk abin da ya ɓoye. Ya juya kai wajen rijiya ya share ido da hannun riga. Sa'an nan ya juyo ya ce, "Ƙarya kake, bawa, gyara zama in nuna maka," suka kai har magariba.

Saratu ta zo ƙarshen wata ta koma ita kaɗai. Gurbin da aka bari a sahu ya cike a hankali, ko da yake har yau Al'amin da yatsu biyu yake gaisawa da shi. Masu zuwa sayen zogale sun ce yanzu Ilyasu ya fi shan kaye fiye da yadda yake kayarwa, kuma wasu ranakun yakan koma gida yana huci yana zagin Atanasiyus, ba a san ko na Iskandariya ko mai ƙafa huɗu ba. Indo ce ke aiko da kunun tsamiya yanzu, kullum da mita, kullum kuma da ludayi biyu.